Amsoshin Tambayoyinku: Tumatir Ya Yi Fure, Furen Ya Zube

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka, barkanmu da zafi. Yau jakar wasiƙunmu lambu ta cika da shi, lambun cikin gida, na buhu da bokiti da tsohuwar roba. Malamin gona na nan zaune tare da ni, ya shanye ruwan da muka ajiye masa tun kafin a kunna makirfo. Malam, barka da zuwa.

Malamin gona: Barka kadai, Hajiya. Ai watan Afrilu ne, ba a yi wa ruwa kawaici.

Mai gabatarwa: To mu fara da gajeru. Wani ɗalibi daga Gusau ya ce, ko zai iya shuka a buhun siminti?

Malamin gona: Ya nemi buhun shinkafa ko na masara, ya fi. In kuma na simintin ne kawai a hannunsa, ya wanke shi tas. Kowanne ne dai, a huda gindinsa ruwa ya sami hanyar fita.

Mai gabatarwa: Ka ji, ɗan makaranta, a huda gindi. Wata amarya daga Maraɗi ta ce ruwa na yi musu wuya, ko za ta iya ba shukarta ruwan wanke-wanke?

Malamin gona: Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ruwan ɗauraye ganye, duk ta tara ta zuba. Mai omo da mai maiƙo kuwa ta bar wa kwata, gishirin da ke cikinsa taruwa yake yi a buhu har ya ƙone saiwa.

Mai gabatarwa: Amarya, a gaishe da ango, a ce masa ya ƙara kuɗin 'yan garuwa. To yanzu ga wadda za mu zauna a kanta, don wasiƙu da yawa sun zo da kuka iri ɗaya, daga Kano, daga Zinder, daga Bauchi, har da Garwa ta Kamaru. Na zaɓi ta wata uwargida daga Zariya, don ita ta fi zuba bayani. Ga abin da ta ce, a taƙaice. Tsadar kayan miya ce ta ishe ta, ta ga mata na nuna lambun buhu a Facebook, ita ma ta ɗaura niyya. A farkon Maris ta matse 'ya'yan tumatir ɗin da ta sayo a kasuwa, ta shanya, ta yafa. Suka fito, ta dasa a buhuna, ta jera su a tsakar gida kan siminti. Ta zuba musu takin zamani, ganye ya yi shar, har maƙwabta na leƙowa. Fure ya fito, rawaya-rawaya, ta fara lissafin miya. Sai ta wayi gari ta ga furen a ƙasa, ya tsinke daga wuyansa. Wani ya fito, shi ma ya bi sahu. Har yau ko ɗa guda ba ta gani ba. Maigida ya fara kiran wurin gonar ganye, surukarta kuma ta ce hannunta ne ba shi da albarkar shuka. Ta rufe da cewa, shin baki ne aka yi mata? Malam, baki ne?

Malamin gona: Kai, ba baki ba ne. Rana ce. Amma bari in ɗauko miki daga tushe. Kin san Kadawa? Kadawa, Kura, Bunkure, Garun Malam, duk wannan yankin da ke shan ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gina tun shekarun 1970. Nan ne cibiyar tumatir a Kano. To ki je can ki tambayi kowane manomi yaushe yake yafa iri. Zai ce miki ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba. Ya yi rainon sati uku zuwa huɗu, ya dasa, shuka ta yi fure cikin hunturu, a Janairu da Fabrairu kwanduna su cika hanyar Zariya har a rasa mai saye, a koma yankawa ana shanyawa a bakin titi. Wannan kauɗar da kike gani a kasuwa ai daga nan take. Kuma in kin tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shigo da ƙarfinta, Tuta absoluta a bakin masana, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita wannan tsutsa cikin ganye take shiga, ki ga ganyen ya yi fari-fari kamar an kankare shi, in kin ɗaga shi a rana sai ki hango ta a ciki...

Mai gabatarwa: Malam, Malam, ka tafi Kadawa ka bar mana uwargida a Zariya da furenta a ƙasa. Ita ba ta ce ta ga tsutsa ba.

Malamin gona: Ai hanyar ce na biyo. Abin da nake son ta gane, mutanen da tumatir ne abincinsu da suturarsu ba sa neman furensa a Afrilu. Furen tumatir namiji da mace duk a cikinsa suke, shi ke yi wa kansa barbara. Akwai wani gari-gari mai laushi a ciki, shi ne zai faɗa kan macen, sannan ɗa ya ƙullu. To in zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi saukowa ƙasa da wajen 24, wannan garin lalacewa yake yi. Ba barbara, ba ɗa. Uwar kuma ba ta riƙe furen banza, sai ta sake shi. Mu kuwa a nan, Afrilu zafi kan taɓa 40, da dare ma mutum na juyi a tabarma.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, don na san akwai mai sauraro da hayaniyar yara ta ɗauke mata hankali. Furen ya zube ne saboda zafi ya kashe garin barbarar da ke cikinsa. Zafi ne. Ba hannu ba ne, ba baki ba ne. Inna suruka, in kina jin mu, da girmamawa muke roƙo, a janye wannan magana. Malam, akwai wani abin kuma?

Malamin gona: Akwai biyu da suka ƙara wa wutar fetur. Na farko simintin nan. Buhu a kan siminti da azahar, ki sa tafin hannunki a jikinsa ki ji, saiwar na dahuwa ne a ciki. Ta ɗora buhunan a kan katako ko bulo, ta kai su inda za su sha ranar safe, inuwa ta rufe su daga azahar. Ta kuma rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Na biyu takin. In yuriya ta yi yawa, shuka sai ta zuba ƙarfinta duk a ganye. Wannan shar ɗin da maƙwabta ke yabawa, shi ne alamar.

Mai gabatarwa: Ashe maigida bai yi ƙarya ba da ya ce gonar ganye.

Malamin gona: Bai yi ba, sai dai da ya taya ta jan buhunan zuwa inuwa da ya fi lada. Sannan batun iri. 'Ya'yan tumatir ɗin kasuwa suna fitowa, amma in uwar irin aure ce, wato wanda kamfani ya haɗa, jikokin ba lallai su yi kama da ita ba. Ta je wurin masu sayar da iri ta ce a ba ta mai jure zafi, ta duba kwanan watan da ke jikin fakitin.

Mai gabatarwa: To yanzu ta tuge su ne, ko ta bar su?

Malamin gona: Masu ƙarfin ta bar biyu ko uku, ta yi musu abin da na faɗa, ta riƙa ba su ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar, ba yau ambaliya gobe fari ba. Da hantsi ta ɗan girgiza reshen da ke da fure, a hankali, garin ya sauka. In hadari ya fara haɗowa dare ya yi sanyi, wasu za su kama. Sauran buhunan kuwa ta juye su ta ba masu son zafi. Alayyafo, ki gauraya irinsa da yashi don ƙanana ne ƙwarai, ki yafa, cikin kwana huɗu ko biyar ya tsiro, sati uku zuwa huɗu kina yanka, in kin bar masa gindi ya sake tohowa. Kuɓewa, ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, biyu a buhu ɗaya, kafin wata biyu ta fara ba ki, kuma ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu kafin ta yi ƙarfi. Ga lalo, ga rama, ga yakuwa. Waɗannan zafin nan ba ya ba su tsoro in dai da ruwa.

Mai gabatarwa: Ni dai ra'ayina, kuma ba ni ce malamar ba, mun cika raina ganye. Kowa ya tashi fara lambu sai tumatir, don shi ke da ja, shi ke kyau a hoto. Alhali wadda ta fara da alayyafo kafin wata ya ƙare ta yi fate da abin hannunta, zuciyarta ta yi ƙarfi, ta ci gaba. Wadda ta fara da tumatir a bazara kuwa, wata biyu tana jiran gawon shanu, ƙarshe ta jefar da buhunan ta ce noma ba nata ba ne. Saboda haka uwargida a Zariya, da ku na Zinder da Bauchi da Garwa: yanzu ganye da kuɓewa, tumatir da salak da karas da kabeji a ajiye su sai Oktoba. Na sake faɗa, yanzu ganye da kuɓewa, tumatir sai an ji iskar hunturu ta kusa. Kuma ke da kike Zariya, ga Samaru nan a bayan gidanki, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, mutane na tahowa daga nesa neman iri da shawara, ke kuɗin adaidaita ne kawai.

Lokaci na gudu. Wani dattijo mai ritaya daga Katsina ya ce duk abin da ya tsiro masa, kafin azahar an aske shi, kuma ba shi da akuya ba shi da kaza.

Malamin gona: Ƙadangaru ne, Baba. A bazara ba su da wani ɗanyen abu sai naka. Ka samo tsohon gidan sauro, ka kafa 'yan sanduna ka lulluɓe, ka danne gefen da duwatsu. In shukar ta kai tsawon hannu sai ka yaye.

Mai gabatarwa: Tsohon dai, Baba, ba wanda jikoki ke kwana a ciki ba. Wani matashi daga Jos ya ce ya kwaso kashin kaji daga keji ya zuba, washegari shukar ta yi baƙi.

Malamin gona: Ɗanye ya zuba, zafi gare shi. A tara shi gefe, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, sai ya daina wari ya koma kamar ƙasa, wajen wata biyu. Sannan kashi ɗaya na taki, ɗaya na yashi, biyu na ƙasa. Kuma shi da ke Jos, sanyin garinsu ya ba shi damar da Kano ba ta da ita, tumatir ɗinsa zai fi kamawa.

Mai gabatarwa: Wannan kuma, Allah ya shirye ki 'yar'uwa. Daga Sakkwato, ta ce ƙananan ƙwari sun maƙale a bayan ganyen alayyafonta, ko ta fesa fiya-fiya?

Malamin gona: Subhanallahi. A'a. Abin da za a yanka jibi a ba yara? Ta daka ganyen darbejiya ko 'ya'yansa, ta jiƙa ya kwana, ta tace, ta sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, ta fesa da yamma, ta bi bayan ganyen musamman. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ta sake. Kafin a ci a wanke sosai, don da ɗaci.

Mai gabatarwa: Fiya-fiya ba ta shiga lambun miya, na roƙe ku. Ta ƙarshe ta yi doguwar tafiya, daga Birmingham ta Ingila. Wata 'yar Kumasi da aure ya kai ta can. Ta ce rana ta fara leƙowa a Maris, ta yi murna ta fitar da tumatir da kuɓewa bayan gida, dare ɗaya suka yi laushi suka mutu.

Malamin gona: Ita kuma sanyi ne ya ci ta. A can ranar Maris yaudara ce, da dare raɓa na iya daskarewa har cikin Mayu. Ta yafa tumatir a cikin ɗaki, bakin taga mai samun rana, ƙarshen Maris ko Afrilu. Sai ƙarshen Mayu ta fara fitar da su da rana tana maido su da dare, kamar kwana goma, su saba, sannan ta dasa a waje. Salak da albasa da karas su za ta iya shukawa a fili tun yanzu, sai dai ta yi tsaron dodon koɗi, shi ne ƙadangaren can. Kuɓewa kuwa sai a ɗakin gilashi, a waje wahala za ta sha. Akwai ma wani abu game da tsawon yini a ƙasashen nan, don a watan Yuni rana kan kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, shi ya sa...

Mai gabatarwa: Malam, mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu sau biyu, na ukun yanke mu zai yi. Tsawon yinin sai mako mai zuwa. Mai tambaya kan zogalen da ya yi tsawo ya ƙi reshe, sare kansa daidai ƙugunka, zai fashe. Mai tambaya kan gara, da mai son sanin noman albasar Galmi a bokiti, wasiƙunku na saman tebur, da su za mu buɗe in Allah ya kai mu. Malam, mun gode. Ga labarai nan tafe.