Shingen Lambu: Ku Fara Sanin Ɓarawon Tukuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi wannan fangalin da kyau. Jiya da la'asar latas ne a cikinsa, kore shar, saura kwana kaɗan a fara tsinka. Yau da asuba ga abin da ya rage, kututture da ƙasa a tone. Kuma lambun nan a zagaye yake da darni, ba a sake yake ba.

Irin wannan ta taɓa samuna shekarun baya. Na ɗaure darnina tsaf da karan dawa, ya kai mini ƙirji, amma kullum safiya sai in tarar an yi mini ɓarna. Na ɗora laifin a kan awakin maƙwabcina, har muka soma 'yar tsama, saura ƙiris maganar ta je gaban mai unguwa. Wani dattijo da ke noman rani a fadamar garinmu ne ya ce, "Yaro, kafin ka ɓata da maƙwabci, barbaɗa toka." Da magariba na zagaye gindin darnin da toka ta ciki da ta waje. Da gari ya waye babu sawun kofato ko ɗaya. Sai wasu 'yan ƙananan sawaye masu yatsu, da wani dogon layi a tsakaninsu inda wutsiya ta ja ƙasa, sun nufi wani rami a ƙarƙashin karan. Gafiya ce. Ni na je na ba maƙwabcina haƙuri.

To wannan gwajin tokar shi ne aikin farko, tun kafin ku kashe ko sisi. Kowace dabba da hanyar shigarta. Akuya ta sama take bi, ko ta jingina ƙafafun gaba a jikin shinge ta yi ta turawa har ya kwanta. Zomo da bushiya da kaji kafa suke nema su kurɗa. Gafiya da kurege da beguwa kuwa masu tono ne. In ɓarnar da rana tsaka ake yi, ku zargi kurege, don shi da rana yake yawo. In da dare ne, galibi gafiya ce, ku lura da rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne. Tana da jaka a kumatu, ta cusa abinci ta kai rami ta dawo, shi ya sa Bahaushe ke cewa gafiya tsira da na bakinki. Wani abin mamaki, a Tanzaniya danginta ake horarwa suna sansano nakiyoyin da aka binne a ƙasa. Hancin da ke gano nakiya, ai dankalinku ba zai ɓoye masa ba.

Mu fara da tsawo, don shi ne mai sauƙi. Da an gama girbi aka saki dabbobi, lambunku ne kaɗai kore a unguwa, duk akuyar gari nan ta sa ido. Shinge ya kai mita 1.2, wato wajen ƙirjin babban mutum. In akwai bunsuru mai tsalle a kusa, a kai shi mita 1.5. Kada a bar turmi, ko tarin bulo, ko kututturen itace kusa da shinge ta waje, tsani kuka kafa mata.

Dirkoki a jera su tazarar mita 2 zuwa 2.5, kowace a haƙa mata rami da dagi mai zurfin kamu guda ko fiye, wajen santimita 50. Na kusurwa su fi kauri, a tokare su, don su ke ɗaukar nauyin ja. Gara ce abokiyar gabar dirka. Ku babbaka gindin a wuta har ya yi baƙi kafin ku binne, yana ƙara masa kwana. Na san da yawa baƙin man mota suke shafawa, kuma yana aiki, amma ni ba na son shi kusa da abin da zan kai bakin yarana.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, gindin shinge. Ku matso ku gani. Wannan ragar waya ce, irin wadda ake yi wa kejin kaji, idonta bai wuce santimita 2.5 ba, babban yatsa da ƙyar yake shiga. In idon ya fi haka faɗi, ɗan zomo zai ratsa. Ba dole ba ne ku sa ta daga sama har ƙasa, tsada za ta yi. Ku bar darninku ko zanarku yadda take, ragar ta rufe santimita 60 na ƙasa kawai, sauran kuma ya shiga ƙasa.

Ku haƙa kwari a jikin shingen ta waje, zurfin santimita 30. Ku saukar da ragar a ciki, sannan ku lanƙwasa bakinta ya kwanta yana kallon waje kamar taƙi ɗaya da rabi, ku mayar da ƙasa ku daddale. Dalilin lanƙwasar shi ne, dabba in ta zo daidai gindin shinge take fara tono. Ta tona ta ci karo da waya, ta matsa gefe ta sake tonawa, waya ce dai. Ba ta da wayon ja da baya ta faro daga nesa. In ƙasarku tsandauri ce mai wuyar haƙa, ku shimfiɗa ragar a kan ƙasa kawai ta waje, ku danne da duwatsu, ciyawa za ta fito ta ɗinke ta. Ku nemi raga mai rufin da ba ya saurin tsatsa, don mai arhar nan damina biyu ba lallai ta kai ba in tana binne.

Gaskiya guda, gafiya da kurege suna iya hawa. Ragar tana rage su ƙwarai, amma in sun nace, ku zagaye da tsohon kwanon rufi a saman ragar, santsinsa ba ya ba su wurin kama farce. Ku kuma share tarin kara da shara da ke kusa, don nan suke fakewa.

Wanda ke da niyyar daɗewa a wuri kuwa, ya dasa shinge mai rai a bayan wannan. Kakanninmu da shi suka dogara. In kun bi ƙauyukan Sakkwato da Katsina har zuwa Maraɗi za ku ga aguwa a jere a bakin gonaki. Reshenta ake yanka a soke a ƙasa dab da faɗuwar damina, ya kama. Dabbobi ba su cika damuwa da ita ba, sai dai a kiyaye ruwanta mai kama da nono kada ya shiga ido. Dashi ma haka ake soka shi, ga ƙaya. Lalle yana yin shinge mai kauri in ana aske shi, uwargida kuma ta samu na ƙunshi har da na sayarwa. Bini-da-zugu akuya ba ta cinsa, amma 'ya'yansa guba ne, yara kan ɗauka gyaɗa ce su ci, sai amai da gudawa, don haka gidan da ke da ƙananan yara a haƙura da shi. Zogale kuma kada ku sa shi a layin waje, gayyatar awaki ce, ku dasa shi ta ciki. Duk shinge mai rai sai ya shekara biyu zuwa uku kafin ya rufe, kafin nan a jibga masa ƙayar magarya ko sarƙaƙiya ta waje ta tsare shi.

Akwai waɗanda shinge bai dame su ba. Tsuntsu ta sama yake zuwa, sai a rufe fangalin iri da raga, tsohon gidan sauron da ya gama aikinsa ma ya isa in an wanke shi. Biri kuwa dariya zai yi wa shingenku, sai gadi da kare. Masu lambu a bakin madatsar Dadin Kowa a Gombe da ke fama da dorina, wannan ya wuce aikin kara da waya, magana ce ta hukuma.

Sai ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar lambu yawanci a ƙarƙashin ƙyaure take, inda ƙafa ta sisiye ƙasa ta zama kwari. Ku binne jerin bulo ko faffaɗan dutse a dokin ƙofar, ƙyauren ya sauka a kansa har yatsa biyu ba sa shiga. Sannan ku yanko tsohuwar robar tayar keke, ku ɗaura baki ɗaya a ƙyaure, ɗayan a dirka, ta riƙa janyo shi yana rufe kansa. Ku ga yadda take yi, na saki, ya rufe. Yaron da kuka aika ɗebo attaruhu ko ya manta, robar ba ta mantawa.

Bayan ruwan farko mai ƙarfi, ku zagaya gindin shingen gaba ɗaya ku duba inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya tono ragar, ku cike. Daren ranar ku sake barbaɗa toka.