PDP-8, Kwamfutar da Umarni Takwas Suka Ishe Ta

Masu kallo, ku dubi jerin makunnai da 'yan fitilun da ke gaban akwatin nan. Wannan ita ce PDP-8, wadda kamfanin Digital Equipment Corporation, wato DEC, ya fito da ita a watan Maris na 1965. A garin Maynard na jihar Massachusetts ta Amurka aka ƙera ta, cikin wata tsohuwar masaƙar ulu da kamfanin ya mayar masana'anta.

A lokacin, galibi kwamfuta sai gwamnati da manyan kamfanoni, ɗaki guda take cinyewa. Sai ga wannan a kan dala 18,500, har a kan tebur ana ɗora ta. Nan da nan ɗakunan bincike na jami'o'i da masana'antu suka yi mata caa.

To, mu leƙa ciki. Ƙwaƙwalwarta gurbi 4,096 ne, kowane gurbi na ɗaukar bit 12 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, 0 ko 1), kimanin kilobait 6 ke nan gaba ɗaya. Kun ga waɗannan 'yan zobban da aka saƙa da siririyar waya kamar tabarma? Na maganaɗisu ne, kowane zobe bit ɗaya yake riƙewa, su 49,152. Ko wuta ta ɗauke, abin da aka zuba musu yana nan daram.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsimin da aka yi wajen tsara ta. Bit uku kacal aka ware don faɗa wa injin aikin da zai yi, saboda haka manyan umarninta takwas ne, ba ƙari. Tana tarawa, amma ba ta da umarnin ɗebewa. In kana son cire 5 daga 9, sai ka juya 5 ɗin ta koma kishiyarta, wato -5, sannan ka tara. Ninkawa kuwa, ko ka rubuta mata hanya da kanka, ko ka sayi ƙarin na'ura. Duk abin da aka rage a ƙarfe, ragi ne a farashi, nauyin kuma ya koma kan basirar mai rubuta manhaja.

Kasuwa ta yi kyau. A 1966 aka fitar da PDP-8/S ƙasa da dala 10,000, sai PDP-8/E a 1970, har danginta suka haura 50,000 da aka sayar. Injiniyan da ya jagoranci ƙera ta, Edson de Castro, ya bar DEC a 1968 ya kafa kamfanin kwamfuta na Data General.

Yanzu ku kalli yadda ake tayar da ita. Mai aiki zai riƙa ɗaga makunnai yana saukewa, ya shigar da ɗan gajeren shirin farko lamba bayan lamba, in ya kuskure ɗaya sai ya koma ya gyara. Daga nan ya zura doguwar takarda mai huji-huji, wadda ke ɗauke da manhaja, a na'urar buga rubutu ta Teletype 33, ita kuma ta shiga ja tana ƙara, kat-kat-kat, harafi goma a kowace daƙiƙa.