Wata da ruwa: lacca kan jefa fatsa a bakin Kogin Volta

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abu huɗu zan faɗa muku kan jefa fatsa a Ada Foah ta ƙasar Ghana, inda Kogin Volta yake faɗawa teku: wuri, lokaci, kayan aiki, da koto. Wuri ba ya son dogon bayani. Daga nan unguwar Nima ta Accra ka kama hanyar Tema zuwa Aflao, a Kasseh ka karya dama, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Ruwan wurin gauraye ne, na daɗi daga sama, na gishiri daga teku, shi ya sa mutum yake iya kama karfasa da safe, da yamma ya kama barakuda.

Na biyu, lokaci. A nan ku ba ni kunnenku sosai. Kogin da iyayenmu suka sani a arewa sau ɗaya yake cika a shekara, da damina. Wannan kuwa sau biyu yake cika a yini da dare, sau biyu yake ja, domin teku ke tura shi. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25. Ke nan kullum yana jinkiri da kamar minti 50. In yau ya cika da bakwai na safe, gobe sai takwas saura goma, jibi tara saura ashirin. Me ke jan sa? Wata. Ku lura, shi ma wata haka yake jinkirin fitowa kowane dare.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu, lissafin wata a hannunmu yake. Wanda bai san yau nawa ga wata ba, ga Liman nan a gaba, ya tambaye shi. Lokacin tsayuwar wata, da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida, ruwa yana cika sosai, yana ja sosai, yana gudu da ƙarfi. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, ruwa lalaci ne, da ƙyar yake motsi. Kifi mai farauta ruwa mai gudu yake so, saboda shi ke kwaso jatan lande da ƙananan kifi daga cikin itatuwan bakin ruwa ya kawo masa har baki. Ya laɓe bayan tudun yashi ko inda ƙaramin rafi ya haɗu da babban kogi, yana jira. Can za ka jefa, ba tsakiyar kogi ba.

Ban gama da wannan ba. A cikin awa shida da ruwa yake shigowa, ba gudu ɗaya yake yi ba. Awar farko a hankali, ta biyu ya ƙara, a ta uku da ta huɗu rabin ruwan duka yake shigowa, sannan ya lafa. In ya tsaya cak, sau da yawa kifi ma ya daina ci. Wannan ne lokacin salla da cin abinci da sauya ƙugiya. Ni abin da nake ba mutum shawara, ya zauna awa biyu kafin cika da awa ɗaya bayan ruwa ya juya, musamman in ya dace da asuba ko magariba. Samari, ku rubuta: awa biyu kafin cika. Ruwa mai ja kuma ya fi mai shigowa ƙarfi, don kogi yana tura shi ta baya. Idan ya yi karo da igiyar teku a bakin mashiga, kwale-kwale yana kifewa. Kada ku matsa wurin a lokacin, kuma kowa ya sa rigar ceto, ko da ya iya iyo.

Na uku, ko na huɗu ne? Kayan aiki dai. Zaren roba mai kaurin milimita 0.40. Ka zura darma mai giram 60 zuwa 100 ta yadda za ta riƙa zamewa a jikin zaren, ka ɗaura ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa, sannan zare mai kauri 0.60 tsawon kamu uku, sai ƙugiya lamba 2/0 zuwa 4/0. Darma mai kusurwa ta fi kama yashi, mai zagaye gangarawa take yi. Barakuda haƙoransa kamar na tsage ne, roba ba ta tsaya masa, sai ka sa waya kamu ɗaya. Jiƙa ƙulli da yawu kafin ka ja shi, in ba haka ba zafin gogayya ya raunana zaren, ya tsinke a kan babban kifi. Da an dawo gida a ɗauraye komai da ruwan famfo, gishiri ba ya barin ƙarfe. Koto kuwa jatan lande mai rai ya fi. Soke shi ta ƙahon kai, ka kauce wa baƙin ɗigon nan da ke cikin kansa, in ka taɓa shi ya mutu nan take.

Na'am, Baba? A ba shi lasifika.

Baba yana tambaya ko yara za su iya shiga ruwa su yi wanka yayin da manya ke kamu. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta fi sauran da zan faɗa muhimmanci. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, sannan ta Kpong a 1982, ambaliyar shekara-shekara da take wanke kogin ta daina zuwa. Ciyawa ta yawaita, dodon koɗi ya sami gida, shi ne kuma mai ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Dodon koɗin nan ba ya jure gishiri, saboda haka haɗarin ya fi yawa can sama, inda ruwa yake na daɗi, kwance, mai ciyawa. Kada yaro ya shiga irin wannan wuri, babba ma ya sa dogon takalmin roba. Wanda ya ga jini a fitsarin yaro bayan tafiya, ya kai shi asibiti ya gaya musu ruwan da ya shiga. Akwai magani, praziquantel, kuma da nauyin jiki ko tsayin yaro ake auna shi, don haka a bar ma'aikatan lafiya su ba da shi.