Ka cire filogi, amma wutar tana nan cikin gilashin

Wannan akwatin da kuke gani injin wasan Pac-Man ne, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, Midway kuma ya riƙa harhaɗa shi a Amurka. Ya haura shekara 40. Tun da muka fara aikinsa tambaya ɗaya ke ta dawowa: tunda an zare filogi, ina hatsarin yake? Yau a nan za mu tsaya.

Bari mu wuce sauran da sauri. Mun share ƙura, mun sauya mazaunin fis, mun goge bakin allon wasan inda zafi ya ƙona shi. Na Amurka ne, wutar 120 yake sha, don haka sai da taransifoma mai rage wuta. Kada ku cusa shi kai tsaye a soket ɗinmu.

To, ga bayan gilashin. Irin na tsohuwar talabijin ce mai tudu a baya, duk mai gyaran talabijin ya san shi. Kun ga jar wayar nan mai kauri, da robar da ta manne kamar ƙaho? Ta nan wuta wajen volt 20,000 ke shiga. Gilashin yana da shafe mai ɗaukar wuta ta ciki, yana da wani ta waje, wannan baƙin da kuke gani. Gilashi a tsakiya, shafe biyu a gefe, ya zama kafasita ke nan, wato ma'ajiyar wuta. Ka kashe injin, wutar ta zauna abinta, wani lokaci har kwanaki.

Ga inda ake kuskure. Wasu sun ji an ce "a sauke ta ƙasa", sai su ɗaura waya a jikin famfo ko ƙarfen taga. A'a. Wutar nan tsakanin shafen ciki da na waje take, can take neman komawa. Saboda haka bakin wayar a ƙarfen da ya riƙe gilashin za ka maƙala shi, wanda siririyar wayar nan da ta ratsa baƙin shafen take haɗe da shi. Ɗaya bakin kuma a jikin sukudireba mai mariƙin roba.

Duba hannuna. Babu zobe, babu agogo. Hannun hagu a aljihu, don kada wuta ta samu hanyar ratsa ƙirji. Filogi a zare. A hankali nake zura sukudireban ƙarƙashin robar har ya taɓa ƙarfen tsakiya.

Kun ji? Ƙas!

Wani lokaci ba za ka ji komai ba, wasu injinan suna zubar da wutarsu da kansu. Duk da haka ka yi. Sannan ka jira minti biyar ka sake, domin gilashin yakan dawo da ragowar wuta bayan an sauke shi. Ni sau uku nake yi, kuma ba na jin na ɓata lokaci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zaburar da mutum zai yi, hannunsa ya bugi wuyan gilashin. Wuyan siriri ne, ciki babu iska, in ya fashe an rasa shi, kuma an daina ƙera irinsa.

Babban kafasitan nan na kan allon da ke ba gilashin wuta shi ma yana riƙe tasa wutar daban. Sa mitar gwajin wuta ka auna kafin yatsanka ya je wurin.

Yanzu robar ta fita. Sai mu zare allon, mu kai shi tebur, mu fara sauya kafasitocin da suka bushe, ɗaya bayan ɗaya, muna lura da ƙafar da ke da alamar ragi.