Mutum goma da sarjan ɗaya: me ke riƙe ƙaramin rukunin soja?

Ku dubi sojojin da ke bayan wata motar soja, a hanyar da ta fita daga Tawa ta nufi Abalak. Ba su wuce goma ba. Rundunar sojan Nijar ta gaji tsarinta ne daga Faransa: rukuni guda mutum takwas zuwa goma, sarjan ke riƙe da su, an raba su gida biyu, kowane gida da kafaran ɗinsa. Rukuni uku ko huɗu kuma suna hannun laftana.

Me ya sa ba a ƙara yawansu ba? Da zarar harbi ya ɓarke murya ba ta zuwa ko'ina, kuma ido ɗaya ba ya iya bin fiye da mutum huɗu ko biyar. Shi ya sa sarjan kafaran biyu yake kallo, su kuma su kalli nasu.

A 1948 wasu masana zamantakewa na Amurka, Edward Shils da Morris Janowitz, sun fitar da bincikensu a kan sojojin Jamus da aka kama a yaƙin duniya na biyu. Sun tarar yawancinsu ba aƙida ce ta hana su gudu ba, abokan cin tuwonsu ne, da shugaban da ke kula da cinsu da shansu. Inda wannan zumunci ya watse, nan faɗa yake mutuwa.

Zumuncin kuwa a rabon gadi ake fara gane shi. Gadin ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare ba mai so. In kullum yaro guda ake ɗora wa, wai don bai daɗe da fitowa daga sansanin horon soja na Tondibiya ba, sauran suna gani, suna kuma ƙirgawa a zuci. Sarjan na gari rubuta jerin yake yi, ya zagaya da shi, shi ma ya tashi cikin dare ya duba masu gadin. Haka ruwa. A watan Afrilu zafin Adar yakan haura digiri 40, mai tafiya da kaya yana iya buƙatar kusan lita guda a kowace awa. Cewa "ku sha ruwa" ba ta wadatarwa. Tsayawa yake sai ya ga sun sha, sannan ya ɗauki gorarsa.

Sai maganar harshe. A rukuni guda za ka sami Bahaushe, Bazabarme, Buzu da Bafulatani, umarni kuma da Faransanci yake saukowa. "E, shef" ba shaida ba ce ta an gane. Sarjan zai ce: "Kafaran, maimaita mini, ina za mu, in mun rabu ina za mu haɗu?" In kuma ya lura wurin shayi kowa yarensa yake nema, sai ya cakuɗa su biyu-biyu, sabo da tsohon hannu.

Kafin fita, in awa uku ta rage, shugaba ya ɗauki ɗaya ya yi tsarinsa, ya bar wa yaransa biyu su shirya. A duba harsasai, a duba rediyo. Maɗaurin tsayar da jini kowa ya sa a aljihu iri ɗaya, don mai nema cikin duhu kada ya yi lalube. A kuma faɗa da baki wa zai karɓi ragama in sarjan ya faɗi, wa ke bin sa.

Tsoro tara mutane yake yi wuri guda. An ce a bar tazarar mita biyar zuwa goma, amma da ƙarar farko sai a dunƙule, gurneti ɗaya ya isa kowa. In an harbi ɗaya kuma uku suka ruga kansa, bindiga huɗu ke nan sun yi shiru.

Bayan an dawo, a zauna a bi abin da ya faru daki-daki, kuma mafi ƙanƙantar muƙami shi zai fara magana. In sarjan ya riga buɗe baki, abin da za a ji kawai shi ne "haka ne, shef".