"Unto": tsohuwar kalmar da ta ƙi barin Turanci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga arewacin Ingila nake magana, a gaban dutsen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918. Bari in matso da kyamarar. Gansakuka ta cike ramukan haruffan, amma suna karantuwa: "Faithful unto death". Wato masu riƙon amana har mutuwa. Kalmar tsakiyar nan ce ta kawo mu.

Ba za ka ji ta a bas ko a kanti ba. Ta shigo Turanci wajen shekara ta 1300, an haɗa ta ne daga "un" mai ma'anar "har", da kuma "to", irin ginin da aka yi wa "until". Shi ya sa take aiki biyu. A kan dutsen nan "har" take nufi. A "he said unto them" kuwa, ya ce musu ke nan, ta tsaya a gurbin "ga". Baibul na Sarki James na 1611 cike yake da ita, har kunnen Bature ya saba jin ta a matsayin harshen ibada. Da Marmaduke Pickthall, Baturen Ingila da ya musulunta, ya fitar da fassararsa ta Alƙur'ani a 1930, wannan salon ya bi. Ku duba ƙarshen Suratul Kafirun a ciki, za ku ga "unto you" da "unto me".

To ga inda ake tuntuɓe. Duk inda ka ga "unto" kana iya sa "to" ko "until", amma ba ko'ina ake juyawa ba. "To" ɗin da ke gaban aikatau, kamar a "I want to go", ba ya taɓa zama "unto". Dole abin da ke biye da ita ya zama suna ko wakilin suna. In aikatau ne, cire ta.

Sai rikicinta da "onto", wasali ɗaya ya raba su. "Onto" hawa kan abu ne: "he climbed onto the roof". A Najeriya da yawa "unto the roof" suke rubutawa, kuma sau da yawa manhajar gyaran rubutu ba ta jan layi a ƙarƙashinta, tunda kalmar tana cikin ƙamus. Akwai kuma "unto say" ta broka, mai nufin "saboda". Wannan a hira halas ce, amma kada ta bi ka cikin takardar jarrabawa.

Inda na fi so ku natsu shi ne takardar cinikin fili. Lauyoyinmu har yau suna rubuta "to hold the same unto the Assignee". Wanda aka ambata bayan "unto", shi ne filin ya koma hannunsa. Saboda haka koma farkon takardar ka ga wa aka kira "Assignee", ka tabbatar sunanka ne, harafi da harafi, kafin ka sa hannu. Can ƙasa za ka ga "hereunto", ma'anarta "ga wannan takarda", ba wani abin tsoro ba ne. A nan Ingila lauyoyi da yawa sun koma Turanci mai sauƙi, mu ne muka riƙe tsohon da hannu biyu.

A bakin mutanen gari kuwa, a 'yan maganganu kaɗan ta rage, kuma ba a taɓa tsarinsu. "A world unto itself", wuri mai zaman kansa da bai yi kama da maƙwabtansa ba. "A law unto himself", mai yin gaban kansa, ba mai kwaɓarsa. Mace "herself", jama'a "themselves". Wasu na ɗauka kirari ne. In shugabanka a wurin aiki ya faɗe ta a kanka, ƙorafi yake yi, ka je ka same shi tun kafin ta kai ga takarda.