Jirgin Da Durga Ba Ta Gani Ba a Littafi

Assalamu alaikum, masu kallo.

Da wuya a samu mai son finafinan Indiya a ƙasar Hausa da bai san Devdas ba, wanda Shah Rukh Khan ya fito a cikinsa a 2002. Saurayin nan da aka hana shi masoyiyarsa Paro, ya faɗa wa kwalba, har rai ya yi halinsa a ƙofar gidan mijinta. To, wannan labari ba a Bombay aka haife shi ba. Littafi ne da harshen Bengali, na wani marubuci mai suna Sarat Chandra Chattopadhyay, ya fito a 1917. A Kalkata kamfanin New Theatres ya mayar da shi fim mai magana a 1935, ƙarƙashin darakta Pramathesh Barua. Bimal Roy, wanda ya yi aikin kyamara a kamfanin, shi ne daga baya ya koma Bombay ya sake shirya labarin da Dilip Kumar a 1955. Wato mun daɗe muna shan ruwan rijiyar Bengal ba tare da mun san inda take ba.

Yau can za mu je.

Bengal yanki ne a gabashin Indiya. A 1947 aka raba shi biyu, ɓangaren yamma ya zauna a Indiya da babban birninsa Kalkata, na gabas kuma shi ne Bangaladash ta yau. Kalkata ce hedkwatar mulkin Ingila a Indiya har zuwa 1911, don haka maɗaba'u da makarantu da mujallu suka yi kaka-gida a can da wuri. Mutanen wurin 'yan karatu ne na gani-kashe-ni. Ana buga labari kashi-kashi a mujalla, gida guda a yi ta jiran fitowar wata mai zuwa. Daga cikinsu Rabindranath Tagore ya fito, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1913, mutum na farko daga nahiyar Asiya. Saboda haka da sinima ta iso, sai ta tarar da rumbu cike da labarai, ta kuma tarar da 'yan kallo da suka riga suka haddace su. Wanda zai taɓa littafi a Bengal, to ya shirya amsa tambaya.

Fim ɗaya nake so mu tsaya a kansa sosai, Pather Panchali na 1955.

Marubucin littafin, Bibhutibhushan Bandyopadhyay, malamin makaranta ne da ya tashi a ƙauye cikin rashi. An fara buga labarin kashi-kashi a mujallar Bichitra a 1928, ya zama littafi a 1929. Sunan yana nufin waƙar hanya. Babu sarki a ciki, babu ɗan daba, babu soyayyar da iyaye suka hana. Gida ne guda a ƙauyen Nischindipur. Maigida Harihar malamin addinin Hindu ne mai burin zama marubuci, samunsa ba ya kai wa ko'ina. Matarsa Sarbajaya ita ke fama da tukunya da bashi da gorin maƙwabta. Sai 'ya'yansu biyu, Durga da ƙaninta Apu. Sai wata tsohuwa tukuf, Indir, 'yar uwar maigidan, wadda yaran ke kira pishi, wato gwaggo.

Wanda ya mayar da shi fim, Satyajit Ray, ɗan birni ne da bai san zaman ƙauye ba. An haife shi a Kalkata a 1921, a gidan marubuta da masu maɗaba'a. Sana'arsa zane, yana aiki a wani kamfanin talla na Turawan Ingila. Ta hanyar zanen ma ya haɗu da littafin, domin maɗaba'ar Signet ta ba shi aikin zana hotunan wani taƙaitaccen bugu da aka yi wa yara. Wannan yana da muhimmanci. Kafin ya taɓa kyamara, ya riga ya zauna da alƙalami yana tambayar kansa: wannan shafin, wane hoto ne a cikinsa?

A 1950 kamfaninsu ya tura shi Landan na 'yan watanni. Ya kalli finafinai 99. Wanda ya fi shiga ransa na ƙasar Italiya ne, Bicycle Thieves, labarin talakan da aka sace wa keke, an ɗauke shi a kan titi da mutanen da ba 'yan wasa ba. Nan ya gane cewa ba sai da situdiyo da manyan jarumai ba. A shekarar ce kuma marubucin littafin ya rasu, sai matarsa ce ta ba da izinin yin fim ɗin.

Ray ya zaga wurin furodusoshi da zane-zanensa a hannu, kowa ya ce ina waƙa, ina rawa, ina jarumi? Da ya ga ba sarki sai Allah, ya fara da kuɗin aljihunsa a watan Oktoba na 1952. Mai ɗaukar hotonsa, Subrata Mitra, ɗan shekara 21 ne da bai taɓa riƙe kyamarar fim ba. Kuɗi suka ƙare. Ray ya sayar da faya-fayen garmahonsa, matarsa Bijoya ta jinginar da gwala-gwalanta, suka sake ƙarewa, aiki ya tsaya cik. Daga ƙarshe gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ce ta sa hannu, lokacin Bidhan Chandra Roy yana babban minista, aka rubuta kuɗin a babin gyaran hanyoyi, tunda dai akwai hanya a sunan fim ɗin. Kusan shekara uku aka kwashe. Ray da kansa ya faɗi cewa abubuwa uku ne suka cece shi a tsawon jiran nan: muryar yaron ba ta buɗe ba, yarinyar ba ta yi girman da za a gane ba, tsohuwar kuma ba ta mutu ba. Tsohuwar, Chunibala Devi, tana kusan shekara 80. Ta kammala aikinta, amma ta rasu kafin a haska fim ɗin a Kalkata.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, domin nan ne gizo ke saƙar.

Ku kalli wannan fitowar. Fili ne cike da wata ciyawa da suke kira kash, dangin kyauro, mai farin kai kamar auduga. Durga tana shan rake, ta kara kunnenta a jikin turken waya tana jin wani gunji da ba ta san asalinsa ba. Apu ya zo shi ma ya kara nasa. Babu kiɗa, iska ce kawai. Can sai ta ce masa ya yi shiru. Baƙin hayaƙi ya ɓullo ta saman fararen kawunan ciyawar nan. Yaran suka zuba a guje, ta yi tuntuɓe ta faɗi, shi ya isa bakin dogo, jirgin ƙasa ya wuce yana girgiza wurin. Wannan filin shi ne farkon wurin da suka fara ɗauka. Da suka dawo bayan mako guda don su ƙarasa, sai suka tarar shanu sun cinye ciyawar tas, dole suka jira kakar baɗi.

A littafi, Durga ba ta taɓa ganin jirgi ba. Ta mutu da burin a ranta. Ray ne ya nuna mata shi. Mai riƙe da littafi zai iya cewa an ci amanar marubuci, ni kuwa ban yarda ba. Marubuci yana da damar shiga zuciyar yarinya ya gaya mana abin da take marmari, shafi bayan shafi. Kyamara ba ta shiga zuciya. Idan ana so mu ji nauyin abin da mutuwa ta ƙwace wa yarinyar nan, sai mun ga fuskarta a lokacin da duniyar waje ta gifta ta gabanta sau ɗaya tak. Daga baya, tana kwance cikin zazzaɓi bayan ruwan damina ya yi mata duka, sai ta yi wa ƙaninta alkawarin za su koma kallon jirgi idan ta warke. Mu da muka je filin nan tare da su, maganar tana sukarmu fiye da a ce ba mu je ba.

Haka ya yi da gwaggo Indir. A littafin tun a kashin farko take mutuwa, Apu yana ƙarami. Ray ya tsawaita rayuwarta har tsakiyar fim, saboda ya ga ita ce gishirin gidan. Ku dube ta tana cin 'yar shinkafarta da hannu tana lasar yatsu, tana karɓar gwaibar da Durga ta tsinko mata a lambun maƙwabta, tana tattara tsummokaranta ta yi yaji duk lokacin da Sarbajaya ta gasa mata magana. Kuma Sarbajaya ba muguwa ba ce, baki ne ya yi wa tukunya yawa. Sai Ray ya ɗora mutuwar tsohuwar a kan dawowar yaran daga kallon jirgi. Sun tarar da ita zaune a cikin gora, kai a sunkuye. Durga ta taɓa ta, ta kife. Rana ɗaya suka ga jirgi suka ga gawa. Littafin bai haɗa su ba, fim ne ya haɗa.

Sai fitowar da ni dai ban taɓa kallonta idona a bushe ba. Harihar ya yi watanni yana neman kuɗi a wasu garuruwa, bai san abin da ya faru ba. Ya shigo gida da murnarsa, ya tarar iska ta rushe wani sashe, ya zauna yana fito da tsaraba ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ba ta ce uffan ba. Ya miƙa mata sabon zanen sari da ya sayo wa Durga. Nan ta fashe. Amma ba mu jin kukanta. Ray ya cire muryar, ya sa wani abin goge mai tsinin sauti da suke kira tar shehnai a madadinta. Ravi Shankar ne ya tsara kiɗan fim ɗin, mafi yawansa a zama guda na kusan awa 11. A takarda ana iya rubuta cewa uwa ta yi kuka. A majigi, Ray ya gane cewa akwai kukan da maƙogwaro ba zai iya ɗauka ba.

An fara nuna fim ɗin a New York a watan Mayun 1955, sannan a Kalkata ranar 26 ga Agusta. A 1956 ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Ray ya ci gaba da bin Apu a finafinai biyu, duka daga rubutun marubucin nan: Aparajito, wanda ya lashe babbar kyautar bikin Venice a 1957, da Apur Sansar na 1959.

Ba kowa ya yi murna ba. Jaruma Nargis, da ta zama 'yar majalisa, ta zarge shi a 1980 da tallata talaucin Indiya a ƙasashen waje. Na fahimci kishin da ke bayan maganar, amma duk wanda ya ga yaran nan biyu suna bin mai sayar da alewa a baya, kare yana bin su, inuwarsu tana tafiya a cikin ruwan tafki, ya san ba bara ake yi da su ba.

Hanyar da ya buɗe ta yi faɗi. Tapan Sinha ya ɗauko Kabuliwala na Tagore a 1957, labarin fatake ɗan Afganistan da wata 'yar ƙaramar yarinya a Kalkata. Ritwik Ghatak, wanda rabuwar Bengal ta zame masa ciwon da bai warke ba, ya yi Meghe Dhaka Tara a 1960 daga labarin Shaktipada Rajguru, kan 'yar gudun hijirar da danginta suka tatse ta har ta ƙare. Ray kansa ya koma wa Tagore a 1964 da Charulata, matar da mijinta ya shagala da jaridarsa ya bar ta da kaɗaici. Tagore ya bayyana kaɗaicin da kalmomi. Ray kuwa ya kwashe mintoci na farko kusan babu magana, matar tana bi daga taga zuwa taga da ɗan madubin hangen nesa tana leƙen masu wucewa a titi, har mijin ya zo ya gifta ta kusa da ita, idonsa a kan littafi, bai ko ɗago ba. Masu sukar adabi suka taso masa cewa ya sauya Tagore, har sai da ya rubuta doguwar amsa yana bin sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya da dalilinsu.

Ray ya karɓi kyautar Oscar ta girmamawa a 1992 yana gadon asibiti, ya rasu a watan Afrilun shekarar. A 1993 gobara ta tashi a wani ɗakin wanke fim a Landan, ta ƙona ainihin faya-fayen finafinan Apu guda uku. Ba a zubar da ƙonannun ba, aka adana su a Amurka. Bayan shekara 20 ƙwararru a birnin Bologna na Italiya suka bi su a hankali suna ɓamɓarewa suna liƙawa, inda ya ƙone ƙurmus aka cike da wasu kwafe. A 2015 aka sake fitar da su. Hotunan da kuke gani a wannan bidiyon daga wannan gyaran suke.

Bari mu rufe da fitowa ɗaya daga ƙarshen fim ɗin. Iyalin suna haɗa kaya za su bar ƙauyen zuwa birnin Banaras. Tun da farko an zargi Durga da satar sarƙar duwatsu ta 'yar maƙwabta, ta musanta, uwarta ta ja ta da gashi ta fitar da ita waje saboda zafin gori. Yanzu Apu yana sauke tarkace daga kan kanta, wani ƙoƙo ya faɗo, sai ga sarƙar. Ya ɗauka, ya fita da gudu, ya wurga ta cikin tafki. Gansakuka ta buɗe, ta sake rufewa. Ya tsaya yana kallon wurin, bai gaya wa kowa ba.